Gunkin Zabbara Mai Zufa

A can baya, zamanin da Bani Isra'ila suka rarrabu kowane reshe ya kama dutsensa, an yi wata ƙaramar daula da ake kira Tabnat. Ba ta da zinariya, ba ta da babban kogi. Abin da Allah ya ba ta duwatsu ne, da itatuwan zaitun, da mutane masu taurin kai. Kakanninsu sun ƙulla alkawari da Ubangiji cewa ba za su durƙusa wa abin da hannu ya ƙera ba, na itace ne ko na dutse ko na ƙarfe. Saboda haka in baƙo ya leƙa ɗakin ibadarsu, ba abin da zai gani sai fitila da shimfiɗa. Jakadun sarakunan kwari sukan leƙa su fito suna murmushi, su tambaya ko mai ɗakin ya tafi unguwa ne. Tsofaffi ba sa ko tanka musu. Sarki Malkizur kuwa maganar tana cinsa, ta daɗe tana cinsa, domin shi mutum ne mai son a ga abin da ya mallaka.

Shekara da shekaru Tabnat tana yaƙi da Zabbara, birnin da ke ƙasa cikin kwari, a kan rijiyoyi da makiyaya. An yi ta yi har waɗanda suka san mafarin rigimar suka mutu, aka bar jikoki da gadon gaba. Sarkin Yaƙin Tabnat, Abinur, a kan sirdi ya yi furfura. 'Ya'yansa maza uku ne. Wannan yaƙi ya ci biyu, kuma shi da hannunsa ya sa su a rami. Saura Nahil, shugaban 'yan mashi, dogo mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana kamar ubansa. Abinur ya daina sha'awar nasara tuntuni, kirari ma ciwon kai yake sa masa. Buri guda ya rage masa a duniya, kuma ba ya ɓoye shi ga kowa: Nahil ya binne shi, ba shi ya binne Nahil ba.

A kakar wata shekara, bayan an gama girbin alkama, rundunonin biyu suka sake haɗuwa a filin da ke gaban Zabbara. Abin da ya faru ya ba kowa mamaki. An busa ƙaho, an yi karo ɗaya, kafin takubba su ɗumama sai mutanen Zabbara suka juya da gudu, suka watse cikin ciyayi, suka bar sansaninsu da tukwane a kan wuta. A tsakiyar sansanin akwai wani jan tanti. Da dakaru suka yaye shi, sai ga Hamura, gunkin da Zabbara ke bauta wa, a zaune a kan wasu dogayen sanduna biyu na ɗauka. Jikin mutum gare shi da kan rago, an lulluɓe shi da tagulla tun daga ƙaho har yatsun ƙafa, kuma ko a zaune ya fi mahayi tsawo. A gindinsa wani siririn tsoho ya naɗe ƙafa yana jira. Ya ce sunansa Sidru, shi ne bokan Hamura, kuma ba ya gudu ya bar ubangijinsa.

Dakaru suka yi ta sowa. Abinur bai yi ba. Duk rayuwarsa da mutanen nan yake yaƙi, ya san a kan akuya guda sukan tsaya har a kashe su. Yadda za su bar ubangijinsu kamar an manta da tsohon takalmi, wannan bai shiga kansa ba. Amma bayansa na ciwo, ƙishi ya dame shi, sai ya bar tunanin ya nufi majalisar da sarki ya kira a tantinsa.

Waziri Gedur ne ya fara magana, kamar kullum. Mutum ne mai daɗin baki, wanda kan leƙa fuskar sarki kafin ya san ra'ayin kansa. Ya gyara riga ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, Zakin Duwatsu, mai rijiyoyin kwari. Kakanninka sun ci mutanen Zabbara, amma kai ka ci ubangijinsu. Muddin Hamura yana cikin ganuwar Tabnat, ba mai ɗaga mana mashi a kwarin nan, domin ba mai harbin gidan da ubangijinsa ke kwana. Mu kai shi gida, yaƙi ya ƙare, kowa ya je ya ga zaitunsa. Jakadu kuma in sun zo, a sami abin nuna musu."

Maganar ƙarshen nan ita ta faɗa inda aka nufa da ita. Aka ga sarki ya gyara zama.

Galadima Uzzar, mai riƙon ɗakin ibada, ya miƙe da ƙyar a kan sandarsa. Ya girmi kowa a wurin, muryarsa har rawa take yi, amma bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da bai ceci masu shi ba da safiyar yau, me zai yi mana da yamma? Ka dube shi da kyau. Yana da ƙafa, amma sai an ɗauke shi. Kakanninmu ba su taɓa ɗaukar Ubangijinsu a kafaɗa ba, shi ya ɗauko su ya ajiye a kan duwatsun nan. A fasa wannan abu, a kwashe tagullar a yi wa mata tasoshi, mu tafi gida."

Sarki ya amsa cewa shi bai ce zai durƙusa wa kowa ba, ganima ce kawai kamar sauran ganima. Wanda duk ya daɗe a fada ya san da irin wannan magana ake farawa. Ana cikin haka wani dogari ya faɗo tanti ba sallama, yana haki, ya ce a fito a gani, gunki yana zufa.

Majalisa ta tashi gaba ɗaya. Gaskiyar dogari ce. Daga inda wuyan Hamura ya haɗu da ƙirji, ruwa na tsatsowa kaɗan-kaɗan yana gangarowa a kan tagulla, yana ƙyalli cikin rana. Dakaru suka ja da baya. Boka Sidru ya ɗaga kai ya ce ba abin mamaki ba ne, wanda ya yi aiki shi ke zufa. Hamura ya girmi duwatsun Tabnat, in ji shi, ya gaji da Zabbara, shi ya sa tsoro a zukatansu yau domin yana son komawa wurin sarkin da ya dace da shi. Malkizur ya matsa, ya miƙa yatsa ya taɓa ɗigon, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya shafa a goshi. Galadima ya kau da fuskarsa.

Nan sarki ya waiwayi Abinur ya tambaye shi abin da ya gani. Kowa ya san runduna maganar Sarkin Yaƙi take ji. Da ya ce a fasa, da an fasa, ko sarki yana so ko ba ya so. Galadima ya zuba masa ido yana jira. Abinur bai yarda da gunkin nan ko na ƙwayar zarra ba, har ma ya ji wani wari yana fitowa daga gare shi irin na bakin rafi, amma bai bi warin da tunani ba. Abin da ya hango shi ne gardamar da za ta biyo baya, da fushin sarki, da zaman majalisa har rana ta faɗi. Ya gaji. Ba tsoro ba ne, ba kwaɗayi ba ne, gajiya ce tsagwaronta, kuma na faɗe ta ne don ta fi su duka ɓarna a wannan rana.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne, hanya na sani. Wannan kaya ba zai bi ta Hawan Awaki ba."

Hawan Awaki ita ce hanyar dutse da suka biyo da za su zo, siririya, mutum ɗaya bayan ɗaya, amma ba mai iya yi maka kwanto a kanta. Ɗaya hanyar ta Kwarin Kyauro ce, mai faɗi, mai laka, ciyawa ta fi mutum tsawo hagu da dama. Sarki ya ce to sai a bi ta kwarin, ai waɗanda ake tsoro sun gudu. Da haka maganar ko a ɗauki gunki ta koma maganar ta ina za a bi da shi, kuma Abinur ne ya mai da ita haka da bakinsa.

Sai boka ya zayyana sharuɗɗan ɗaukar Hamura. Ba a ɗora shi a kan dabba ko keken shanu, sai kafaɗar mutum. Masu ɗauka arba'in ne, 'ya'yan manya, ƙafa ba takalmi, jiki ba ƙarfe, ko wuƙar yankan farce. Ba a sauke shi sai boka ya yanka rago ya ba da izini da bakinsa. Na ƙarshe kuma, kowane mai ɗauka sai wanda ubansa ke da rai, domin duk wanda ya zame kafaɗarsa ba da izini ba, Hamura ba shi yake kamawa ba, ubansa yake ɗauka kafin a isa gida. Waziri ya ce lalle wannan ubangiji ne mai sanin darajar iyaye. Ba wanda ya tsaya ya lissafa cewa an zare wa runduna samarinta mafi ƙarfi an tuɓe musu makamai, an kuma ɗaure zukatan iyayensu, waɗanda su ne manyan mayaƙa, a jikin sanduna biyu.

Sarki ya so ya saka wa Sarkin Yaƙi da alheri don bai ba shi kunya ba. Ya sa aka kira Nahil, ya cire alkyabbarsa ya yafa masa a gaban jama'a, ya naɗa shi shugaban masu ɗauka, a sandar dama ta gaba. A al'adar Tabnat, wanda sarki ya yafa wa alkyabba ba shi da ta cewa, ubansa ma ba shi da ita, sai godiya. Abinur ya durƙusa ya yi godiya. Yana kallo ɗansa ya kwance takobi da mashi ya miƙa wa wani, ya cire takalmi ya tsaya a ƙasa da tafin ƙafa. Galadima kuwa aka ce ya tsufa da wahalar kwari, ya kwashi masu rauni ya bi ta Hawan Awaki. Da zai wuce ta gaban Abinur, bai ko dube shi ba.

Aka kama hanya. Tafiyar da runduna kan yi kafin rana ta take, sai ta zama ta yini guda. Hamura nauyi gare shi na fitar hankali, sandunan har lanƙwasa suke yi. Samarin suna tafe suna nishi, ƙaya na shiga ƙafafunsu, ba mai ikon sunkuyawa ya cire. Ragunan da aka tanada don guzuri suka riƙa ƙarewa a gindin gunki, boka yana cin hanta yana ƙiba, dakaru suna tauna gasasshiyar alkama. Gunki kuwa bai fasa zufa ba, in rana ta yi zafi ma sai ya ƙara. Da fari dakaru daga nesa suke kallo. Daga baya wani ya dangwali zufar da tsumma ya ɗaura a damtse, kafin a jima rabin runduna na da tsumma a damtse. Mutanen da kakanninsu suka ƙi durƙusa wa sarakunan duniya, ga su suna rige-rigen goge wuyan rago.

A bakin kwarin wani ɗan leƙen asiri da Abinur ya aika Zabbara ya dawo, ya faɗi a gaban sarki. Ya ce ya zaga birnin bai ji kukan kowa ba. Mata suna niƙa, yara suna wasa, maƙera kuwa ba su huta ba, kan kibiya suke ta bugawa. Bai ga alamar mutanen da aka ƙwace wa ubangiji ba. Waziri ya ce baƙin ciki ne ya ɗaure musu baki. Abinur ya roƙi sarki a tsaya a binciki ciyawar kafin a shiga, sarki ya ce boka ya riga ya duba, Hamura yana gaggawar ganin sabon gidansa. Abinur ya buɗe baki zai ƙara, sai ya rufe. Wanda ya yi shiru a babbar magana, ba a cika sauraronsa a ƙarama ba, kuma ya san haka.

Da rana ta take aka yada zango, boka ya yanka ragonsa ya ba da izini aka sauke. Abinur ya sami ɗansa zaune a inuwar wani dutse, ya yaye alkyabbar sarki ya ga kafaɗar ta saluɓe, nama ja a fili. Ya zauna kusa da shi, ya fito da ɗan tulun man zaitun yana shafa masa a hankali. Rabonsa da taɓa jikin yaron nan haka tun yana koyon tafiya. Can uban ya tambaye shi ko ya gaskata da abin da yake ɗauka.

Nahil ya ce, "Ban sani ba, Baba. Na ga yana zufa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ba da ranka zan gwada ba."

Abinur ya ce masa ƙarfe ne kawai da hannun mutum, ba ya ji ba ya gani, ba zai iya kashe ko ƙuda ba. Ya ce in wani abu ya taso a kwarin nan, ya yar da sandar ya nemi makami, umarni ne.

Nahil ya juyo ya dube shi, ba da raini ba, da irin kallon mai neman a fitar da shi daga duhu. Ya ce, "In haka ne, Baba, me ya sa ba ka faɗa a gaban sarki ba? Duk muna tsaye muna jiran bakinka. Da ka yi shiru, sai muka ce lalle akwai abin da ka sani."

Kunya ta kama Abinur irin wadda bai taɓa ji ba a gaban sarki ko maƙiyi. Ya so ya ce gajiya ce, amma yaya za ka gaya wa mai saluɓaɓɓiyar kafaɗa cewa kai ne ka gaji? Yana cikin neman abin faɗa aka buga kuge, Nahil ya ja alkyabba ya rufe ciwon, ya miƙe ya koma gindin sandarsa.

Suka shiga Kwarin Kyauro. Tun daga farko ƙasa ta fara laushi, can ciki ta zama laka mai kama ƙafa. Masu ɗauka suka nutse har ƙauri, sai su zaro wannan ƙafa wancan ta shige. Manyan mayaƙa, maimakon kowa ya tsaya a kan rundunarsa, duk suka taru kewaye da gunki, kowa na kallon ɗansa. Rundunar ta miƙe ta yi tsawo ba mai tsare gefenta. A daidai inda kwarin ya fi ƙunci, Abinur ya lura tsuntsaye sun daina kuka. Ya waiwaya neman boka, wanda tun safe ke tafe a gaban gunki yana kaɗa ƙararrawa. Sai ya hangi bayan rigarsa yana shigewa cikin ciyawa, da saurin da ba na tsoho ba.

Kafin ya ɗaga murya kibau suka zubo daga hagu da dama. Ƙahon Zabbara ya tashi a gaba, wani ya amsa a baya. Mutanen da aka ce sun gudu suka fito daga kyauro kamar ƙasa ce ta haife su, ba su nufi sarki ba, ba su nufi tuta ba, masu ɗauka suka sa a gaba. Samari arba'in, ba sulke ba garkuwa, hannuwa a kan sanda, ƙafafu cikin laka. Mai ba da izinin saukewa kuwa ya tafi da izininsa.

Abinur ya yi ta kiran su yar da shi. Sauran iyaye ma suka kama, kowa na kiran sunan ɗansa. Ba wanda ya saki. Kowane saurayi ya dubi ubansa a kan doki, da rai, da lafiya, sai ya ƙara cusa kafaɗa. Na farko ya faɗi da kibiya a wuya, nauyinsa ya koma kan na kusa da shi. Na biyu ya faɗi, na uku ya bi. Duk wanda ya faɗi sai sanda ta ƙara nutsewa cikin naman waɗanda suka rage, su kuwa suna tsaye ana harbinsu kamar an kafa su don koyon baka. Iyayen suka kewaye su da garkuwa, ba mai ba da umarni, ba mai jan daga, runduna ta zama taron mutane kawai. Waziri ya riga ya sauka daga doki ya shige ƙarƙashin wani mataccen alfadari. Sarki yana ta juya doki wuri guda, yana kiran Hamura da sunansa.

Abinur ya kutsa har gaban sandar dama. Nahil na nan, kai a sunkuye, jijiyoyin wuya sun tashi, kibiya ta soke shi a cinya bai ko duba ba. Uban ya kama hannunsa ya ja, ya ce ya saki. Nahil ya girgiza kai. Uban ya ja da ƙarfi, ya zage shi, ya haɗa shi da Allah, yaron ya ƙara ƙanƙame sandar. Nan Abinur ya gane magana ba za ta yi ba, lokacinta ya wuce tun a tantin sarki. Abin da bai faɗa da baki ba sai ya nuna da hannu.

Ya fizge gatari daga hannun wani dakare, ya zaga ta hagun gunki, ya miƙe a kan likkafa, ya sara a daidai inda zufar ke fitowa. Tagullar ba ta fi kaurin ganye ba. Ta tsage tun daga wuya har cibiya, sai ga laka baƙa, jiƙaƙƙiya, tana zubowa da duwatsun rafi a cikinta. Ya ƙara sara, kan ragon ya karye ya faɗa cikin taɓo. Ya ɗaga murya yadda duk kwarin ya ji, ya ce, "Ku duba abin da kuke ɗauka! Laka ce!"

Waɗanda ke sandar hagu su suka fara gani. Suka saki gaba ɗaya, suka yi tsalle gefe, suka wawuri makaman matattu. Na bayan sandar dama suka ga an saki, su ma suka zame. Nahil yana can gaba, bayansa ne ke wajen gunki, kansa a ƙasa, ihun yaƙi ya cika masa kunne. Bai ga laka ba, bai ga an saki ba. Ya ji dai nauyi ya ƙaru, sai ya yi abin da yake yi tun safe, ya ƙara tsayawa. Kayan mutum arba'in ya karkato ya sauka a kan mutum ɗaya.

Daga nan yaƙin ya juya. Samarin da suka kuɓuta suka faɗa wa mutanen Zabbara da haukan wanda aka yi wa wasa da hankali, iyayensu suka tuna su mayaƙa ne, kowa ya koma kan mutanensa. Aka fasa kwanton ta gaba, aka kora maharba cikin ciyawarsu, aka cinna mata wuta. Tabnat ta fita daga kwarin, amma ta bar mutanen da ba ta taɓa barin irinsu a fili ɗaya ba. Ba wanda ya yi kirari.

Abinur bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Yana durƙushe cikin laka, shi da wasu dakaru suna ɗaga sanda. Da suka jawo Nahil, ƙirjinsa ya riga ya burma, amma da sauran numfashi. Ya buɗe ido ya ga ubansa, ya dube shi sama da ƙasa kamar mai duba ko an taɓa shi. Da ya ga lafiyarsa ƙalau, sai fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Ban saki ba, Baba."

Daga nan ya cika. Abinur ya zauna riƙe da kansa, ba kuka ba motsi. Kusa da gwiwarsa ga wani ɓangare na cikin gunkin ya fashe, idonsa ya sauka a kai. Laka ce da aka cuɗa da ƙaiƙayi, irin wadda ake yaɓen rumbu da ita. A cikinta wasu ƙwayoyin alkama da suka tsere wa masussuka sun tsiro, farare fat don ba su taɓa ganin rana ba. Alkamar bana ce. Ubangijin da aka ce ya girmi duwatsu ko bushewa bai gama yi ba, abin da suka yi ta shafawa a goshi ruwan laka ne. Warin bakin rafin nan da ya ji tun ranar farko ya dawo masa a hanci, ya tuna ya ji shi, ya tuna kuma ya bar shi ya wuce.

Sarki Malkizur ya zo a ƙasa, rawani ya faɗi, laka har gwiwa. Ya tsaya a kan gawar da ke yafe da alkyabbarsa. Dakaru na kewaye suna kwance tsummokin damtsensu suna yarwa a ɓoye, kowa na gudun kada a gan shi. Daga bisani sarki ya ce a sare sandunan gunkin a yi makara, manyan Tabnat su ɗauki Nahil a kafaɗa har gida, shi ma zai kama.

Abinur ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. An ɗauki abin da ya isa a kan sandunan nan."

Ya cire alkyabbar daga jikin ɗansa, ya naɗe ta ya miƙa wa mai ita. Ya kwance takobinsa na Sarkin Yaƙi ya ajiye a kan laka. Sannan ya sunkuya, tsoho mai ciwon baya, ya saɓa Nahil a kafaɗa, ya miƙe da ƙyar. Wasu suka matso za su taimaka, ya hana su da ido. Bai bi ta kwari ba. Ya juya ya nufi Hawan Awaki, hanyar da tun farko ya san ita ce daidai, wadda ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Runduna ta bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, sarki a cikinsu. Ƙafafun Nahil marasa takalmi suna reto a ƙirjin ubansa, ƙayoyin hanya na nan a tafinsu ba a cire ba.